Kyankyason Malam Iro

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara wurin Malam Iro a bakin kasuwar Karaye ya san kujerar nan. Kar ku fara dariya tukuna, na san da yawanku kun hau ta, har da masu furfurar da ke sunkuyar da kai yanzu. 'Yar tsugunno ce, irin wadda mata ke zama a kai a gindin murhu, kuma ko a cikin 'yan tsugunno ita gajera ce. Ga dogon benci nan a gefe, amma benci na 'yan hira ne. In ka zo da rediyo a hammata, ido ya yi ja, kana huci, to kujerar nan ce rabonka.

"Bismilla, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba, Malam! Rediyon nan..."

"Ai ba na jin maganar da ta fito daga sama. Zauna mu gaisa."

Sai ka ga ƙato da babbar riga ya tattare ya zauna, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Kafin ya buɗe baki Malam Iro ya kama gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya yara, ya damina, gero ya yi kai, gyaɗa fa, ya ƙarfin jikin tsohuwa, jakin nan naka da ke ɗingishi ya warware? Kuma ba a jere yake zubo su ba. In ya yi ɗaya sai ya tsaya, ya zuba maka ido, ba zai wuce ba sai ka amsa. Mutum kuwa ko zuciyarsa tana tafasa, ba ya iya ƙin amsa gaisuwa a gaban jama'a. Kafin a kai kan jaki, rabin zagin da ya ƙunso tun daga gida ya zube a hanya.

Na taɓa ce masa, "Wai kai Malam Iro, gyaran rediyo kake ko gaisuwar suruki?"

Ya ce, "Direba, tun da nake, rediyo bai taɓa zagina ba. Mai shi ne ke zuwa a lalace, don haka shi nake fara gyarawa."

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Ɗan'asabe, direban akori-kurar da ke zirga-zirga tsakanin Karaye da Rogo tun kafin a raba su ƙananan hukumomi biyu. Ni da Malam Iro sa'o'in juna ne, allo ɗaya muka yi. A wancan zamanin babu waya a hannun kowa, saboda haka duk wanda rediyonsa ko rikodarsa ta yi gardama a ƙauye, ni yake tarewa a hanya. Wani ya ba ni kayan in kawo, wani kuwa ba ya yarda kayansa su bar ɗaki, sai dai ya ba ni ƙorafin da baki. Ni ne wayar Malam Iro, kuma wallahi ni ake fara zagi. Ni kuwa kun san ni, ba a taka ni in yi shiru. Sau nawa ina isowa rumfarsa ina kumfar baki saboda masifar da aka sauke mini a kan kayan da ko taɓa su ban yi ba, sai kawai ya nuna mini kujerar.

Saƙonsa na farko ga kowa iri ɗaya ne, ko me aka ce ya sami rediyon. "Ka ce masa ya kashe, ya yi wa Annabi salati, ya sake kunnawa."

Na ce, "Haba Malam, me salati zai yi wa waya da batir?"

Ya ce, "Kashewa da kunnawar na rediyo ne. Salatin na mai rediyo ne. In ya gyaru, falillahil hamdu. In bai gyaru ba, ya sami lada, kuma ba zai rotsa shi da ƙasa ba kafin ka koma."

Abin haushin shi ne, sau da yawa sai ya gyaru ɗin.

Tambayarsa ta biyu ita ce, "Wa ya taɓa shi a ƙarshe?" Amsa kuwa ba ta canzawa daga nan har Gwangwan: ba wanda ya taɓa shi. Malam Iro yakan ce a duk faɗin ƙasar nan ba a taɓa kawo masa rediyon da hannun ɗan Adam ya taɓa ba, dukkansu da kansu suke faɗawa cikin randa.

Amma babbar dokarsa, wadda a kanta muka sha yin faɗa, ita ce ba a kunyata mai kaya. Ko wace irin wauta ka tafka, ba za ka bar rumfar nan kana jin kai wawa ne ba. Ni kuwa a ganina in mutum ya yi shirme a gaya masa ya yi shirme, gobe ya kiyaye.

Ku ɗauki Hajiya Kande ta Yammedi, Allah ya jiƙanta. Wata safiya ta aiko aka tsayar da ni, ta leƙo daga zaure ta ce, "Ka gaya wa Iro, tun da jikana ya zo hutu daga Ikko rediyona ya daina Hausa. Wani yare yake yi, kuma da ganin yadda yake yi, zagina yake."

Na kai saƙo. Ya ce ta kashe, ta yi salati, ta kunna, sannan ta murɗa babban maɓallin a hankali har ta ji Hausa. Na koma na faɗa mata.

"Ni? In murɗa? In ya lalace a ce ni ce? Kai dai ba ka da kirki, Ɗan'asabe, tun kana yaro na san ba ka da kirki!"

To fa! Ni da na kawo saƙo. Da ƙyar ta yarda na ɗauko rediyon, a naɗe cikin zane har biyu. Malam Iro ya murɗa sau ɗaya, Hausa ta dawo. Na ce to sai in gaya mata yaron ne ya canza tasha, ita kuma tsoron banza ya hana ta mayarwa. Ya ce in na faɗi haka ba shi ba ni. Ya ɗauko tsinke ya ɗiga jan fenti daidai inda allurar ta tsaya.

"Ka ce mata na yi masa faɗa, ya tuba. Tafiya ya yi ya kwaso yaren mutane. In ya sake, ta kamo allurar nan ta dawo da ita kan jan ɗigon, nan ne ƙasar Hausa."

Hajiya ta aiko masa da daddawa, ni ko sannu. Bayan kwana biyu ta sake tare ni, wai rediyon yana kan jan ɗigon amma da yamma sai ya ɗan taɓa Turanci. Labarai ne fa ake karantawa da Turanci, kowa ya sani. Malam Iro ya ce, "Ka ce mata baƙi yake yi. Ta ba shi ɗan lokaci ya sallame su." Har ta bar duniya, in lokacin ya yi sai ta ce wa jikokinta su rage surutu, rediyo na da baƙi.

Sai kuma maganar kyankyaso. Yau dai zan tona, tun da mai shi ba ya nan balle ya taka mini ƙafa.

A ƙarƙashin teburinsa akwai wani gwangwanin madara, cikinsa akwai busasshen kyankyaso guda ɗaya. Ni kaɗai na san da shi. Ranar wata kasuwa Mamman mahauci na Rogo Ruma ya zo da abokansa, yana ta cika baki wai sabon rediyo ya saya, an cuce shi, yau sai an san wanda ya haife shi. Aka zaunar da shi, aka gaisa har kan jaki. Malam Iro ya buɗe bayan rediyon, ni ina tsaye a kansa, na ga batir a juye, kai a inda gindi ya kamata. Dariya ta taso mini, sai na ji an take mini babban yatsa. Malam Iro ya ɗan juya baya, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya hura, ya gyara zaman batir. Sai ga shi ya juyo da kyankyaso a bakin hantsaki.

"Mamman, ka ga wannan?"

Mamman ya yi tsalle daga kan kujera. "Ban gaya muku ba! Na ce wani abu ya shiga ciki, kuka ce ni ne ban iya ba!"

Malam Iro ya jawo shi kusa, ya rage murya. "In za ka sa batir, ka riƙa juya kan nan ya kalli nan. In aka yi haka ba ya samun wurin kwana." Mamman ya ce ai da ma haka yake sawa. Ya miƙa kuɗi, Malam Iro ya ce ba a biyan kuɗin kamun kyankyaso.

Da suka tafi na ce, "Kai da ake kira Malam, ƙarya kuma?"

"Wace ƙarya? Na ce shi ne ya ɓata? Cewa na yi ka ga wannan, ya ce ya gani. Kai ba ka gani ba?"

Da shekara ta zagayo Mamman ya dawo, wannan karon ya murɗe murya ne har ƙasa ya manta. Aka sake fito da mai laifi. Mamman ya ƙura masa ido, ya ce, "Malam, ƙafarsa ɗaya babu. Na bara ma haka yake."

Ko gezau Malam Iro bai yi ba. Ya ce, "Gidansu ɗaya. Haka ake haifarsu."

Kai, mutumin nan da maƙo! Na ce masa ko kyankyason ai ka sabunta, ga su nan fal a bayan gidan kowa, kyauta. Ya ce, "Wannan ɗin me ya yi maka? Aikinsa yake yi." Kyankyaso ɗaya ya ɗauki laifin mutanen Karaye da Rogo shekara da shekaru, bai taɓa musu ba.

Sau ɗaya tak na ga gwangwanin nan ya kasa, kuma a ranar na ɗauka dokar Malam Iro ta zo ƙarshe.

A wata ruga bayan Gwangwan akwai dattijo, Baffa Jauro, mai shanu da zafin rai. Ɗansa na fari, Dikko, ya tafi aikin hajji ya zauna a Makka yana neman abin kansa, shekaru suka yi ta tafiya bai dawo ba. Abin da ke haɗa su kawai shi ne kaset. Duk shekara in alhazai za su dawo, Dikko zai ɗauki muryarsa a kaset ya ba da a kawo, rikodar ma shi ya aiko da ita. Kun san kunyar ɗan fari, balle ta Fulani. Jauro bai taɓa kiran sunan Dikko ba, sai dai ya ce yaron nan. In an miƙa masa kaset a gaban mutane, ko kallo ba ya yi, sai ya ce a ajiye can.

A wannan shekarar, alhazai ba su daɗe da dawowa ba, na taho sai ga Jauro a tsakiyar hanya, sanda a kafaɗa, rikoda a rataye cikin buhu. Ya shiga gaba ya ce, "Kai ni wurin mai gyara." Daga nan har Karaye bai ƙara ko tari ba. Ni da bakina ba ya hutawa, ranar nan tuƙi kawai na yi.

Ranar kasuwa ce, benci ya cika. Malam Iro ya nuna masa kujera. Jauro ya dube ta ya ture ta da sanda, ya tsuguna a kan dugadugansa, ƙasa da kujerar ma. Ashe dabarar ba ta cin Bafulatani, shi da ma a tsugune yake hutawa. Aka shiga gaisuwa, kowace tambaya amsarta ɗaya, a gajarce, "Jam," wato lafiya da Fulatanci. Har aka gama, idonsa bai rage ja ba.

Ya ce, "Abin nan ya haɗiye maganar yaron nan. Yanzu kwaikwayona yake yi. Ka sa ya amayo ta, uwarsa ta tafi wankan jegon ƙanwarsa, ba ta ji ba tukuna."

"To, Baffa. Wa ya taɓa ta a ƙarshe?"

"Ni."

Wallahi sai da abin kwance ƙusa ya faɗi daga hannun Malam Iro. Bai taɓa jin wannan amsa ba.

Jauro ya ce, "Yaro yana gaishe ni, ina amsawa, ba ya ji, sai wucewa yake yi. Aka ce mini jan maɓallin nan shi ke ɗaukar magana. Da ya yi sallama na danna, don ya ji na amsa. Mutum ya gaishe ka tun daga Makka, ka yi masa shiru?"

Malam Iro ya jawo rikodar. Ya mayar da kaset farko ya kunna. Muka ji muryar saurayi, "Salamu alaikum, Baffa, ni ne Dikko, ina gaisuwa..." Sai ƙas! Sai muryar Jauro, da ƙarfi kamar yana kiran shanu daga tsallaken rafi, "Wa alaikumus salamu! Jam tan! Jam tan!" Daga nan ya zarce da labari: wace saniya ta haihu, wace ta karye, wa ya bar shanu suka shiga gonar wa. Ya shafe maganar ɗansa kaf, tasa ta hau kai. 'Yan benci suka fara toshe baki, kafaɗu na rawa. Ni ma, Allah ya sani, cikina har ya fara ciwo don danne dariya.

Can sai muryar ta sauka. Ta zama wata murya da ba mu san Jauro da ita ba. Muka ji ya ce, "Dikko." Ya sake cewa, "Dikko, ƙafafuna sun fara..."

Malam Iro ya danne rikodar ta tsaya. Ban taɓa ganin hannunsa ya yi sauri haka ba. Na dubi Jauro, kansa yana ƙasa. Dattijo ya kira sunan ɗan fari, kuma rabin kasuwa ta ji.

Akwai kaskon gawayi da Malam Iro ke gasa ƙarfen dalma a kai. Sai na ga ya tsinci wani guntun roba ya jefa a ciki kamar bai sani ba. Kafin ka ce me, hayaƙi ya turnuƙe, wari kamar an ƙona tayar mota. 'Yan benci suka watse suna tari suna tsine wa sana'ar. Ni na tsaya, hancin direba ya saba.

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur, na ji ƙarar gwangwani. Ya riƙe shi jim, sannan ya mayar. Ya sauko daga kan kujerarsa ya zauna a kan 'yar tsugunnon, ya zama su biyu kai ɗaya.

"Baffa, ba zan ɓoye maka ba. Maganar Dikko ta tafi. Ba ni da ikon dawo da ita, kuma ko Kano ka je ba mai iyawa."

Jauro ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Wauta na yi ke nan."

Na ce a raina to Malam, yau ina mafita?

"Wauta? An gaishe ka ka amsa, ita ce wauta? Wanda ya ƙera abin nan ne bai san gaisuwa ba. Ya yi wurin magana bai yi wurin amsa ba, in ɗaya ya shiga sai ɗaya ya fita. Baffa, kai ka ji saƙon nasa kafin ka danna?"

"Na ji. Sau biyu."

"To kai za ka faɗa wa uwarsa, ba abin da ya ɓata a nan. Amma shi fa? Shekara nawa yana aiko da murya, wa ya taɓa mayar masa da ko tari? Wannan da ke hannuna amsa ce, kuma ta gama haɗuwa. A mayar masa."

Jauro ya girgiza kai. "Akwai maganar da bai kamata yaro ya ji ba."

"Ai ba ido da ido ba ne. Akwai teku a tsakani, kunya ba ta iya haye shi."

Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda. Aka bar ɗaya gefen kaset ɗin don uwar Dikko ta yi tata maganar in ta dawo. Ita kuwa da kunya ta fi mijin, sallama kawai ta yi, ta ce a riƙa cin abinci, shi ke nan. Da na dawo da kaset ɗin Malam Iro ya ga sauran zare fal ba komai a kai, sai hankalinsa ya tashi.

"A tura wannan duk har Makka a wofi? Asara!"

Ya gyara murya ya danna jan maɓallin da kansa. Ya gaya wa Dikko ko shi wane ne, ya ce in zai sake aiko da kaset ya ɓalle ɗan kunnen nan na bayansa, don kar a sake ɗaukar magana a kai. Ya ce kuma in ya gaida mahaifinsa ya riƙa tsayawa bayan kowace gaisuwa, ya bar wa dattijo wurin amsawa. "Ga yadda ake yi," in ji shi. Ya kama gaida Dikko irin gaisuwarsa, yana yi yana tsayawa, har zare ya ƙare. Wani ɗan kasuwar Rogo da zai tafi umara da azumi aka ba ya kai.

Shekara ta zagayo, alhazai suka dawo. Ba kaset.

Jauro ya bi gidajen alhazan nan ɗaya bayan ɗaya, wai barka da sauka ya je yi. Ba wanda aka ba saƙo. Ranar kasuwa ya zo rumfar, ba rikoda, ba faɗa. Da kansa ya jawo 'yar tsugunnon ya zauna. Ya ce, "Ka sa na zubar da girmana. Yaro ya ji, ya raina ni, ya daina aike."

Gaisuwar ma ranar nan a gajarce Malam Iro ya yi ta. Na san mutumin nan tun muna yara, ban taɓa ganin abu ya dame shi haka ba. Kwana da kwanaki ko tsokanata ba ya yi, in na kawo ƙorafi sai ya ce a ajiye. Tausayinsa ya kama ni, duk da ni ne na sha ce masa wata rana daɗin bakin nan zai ja masa.

Ana nan, wata ranar kasuwa ina lodi a tasha, wani mutum da jallabiya da ƙatuwar jaka ya tambaye ni ina rumfar Malam Iro mai gyaran rediyo. Na raka shi. Yana isa ya durƙusa, Malam Iro bai ko buɗe baki ba, baƙon ya fara: "Lafiya lau. Ba gajiya. Aiki da godiya. Zafi lokacinsa ne. Abincinsu na saba da shi. Jaki kuwa, Malam, ba ni da shi a can."

Malam Iro ya miƙe tsaye. "Dikko?"

"Ni ne. Na ji kaset ɗin har na haddace." Sai idonsa ya kawo ruwa. "Malam, tun da aka haife ni ban taɓa jin Baffa ya kira sunana ba. Da na ji, na kasa zama. Na tsaya ne in tattara kayana, shi ya sa ban biyo alhazai ba."

Ranar nan na sauke fasinjojina duka, suna zagina ina ba su haƙuri, abin da ban taɓa yi ba. Malam Iro ya rufe rumfa da rana tsaka, muka nufi ruga mu uku. Jauro yana gindin wata ƙirya yana tufka igiya. Ya ɗago ya dubi ɗansa tun daga kai har ƙafa, ya mayar da ido kan igiya.

Ya ce, "Ka iso? Shanu na can ba a shayar da su ba."

Amma igiyar nan warwarewa take yi a hannunsa, ba tufkuwa ba. Malam Iro ya ja ni muka koma mota, ya ce in daina kallon mutane kamar ban taɓa ganin igiya ba. A hanya ya yi ta tsokanata har Karaye, wai motata ce ke lalata rediyon jama'a da girgiza.

Bayan wasu shekaru Allah ya yi wa Malam Iro rasuwa, bai yi doguwar jinya ba. Bayan an share makoki muka taru a rumfar don a mayar wa mutane kayansu. Sai ga Dikko ya riƙo hannun Jauro, wanda a lokacin ido ya yi rauni, ɗaya hannun kuma da tsohuwar rikodar nan. Ya ce akwai abin da yake so mu ji. Ni na karɓi kaset ɗin, wanda aka aika masa Makka ne, kuma kafin in sa sai da na shafa bayansa na tabbatar kunnen a ɓalle yake.

Muka ji gyaran murya. "Salamu alaikum."

Wallahi ba wanda ya shirya, rumfa gaba ɗaya ta ɗauka, "Wa alaikumus salamu."

"Ina gajiya?" Ya tsaya yana jira.

"Ba gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

Mamman mahauci yana amsawa yana goge ido da hula. Da aka zo kan jaki aka fashe da dariya, har da masu hawaye. Sai muryar ta ce, "Ya haƙurin rabuwa da 'yan'uwa?"

Ya bar wurin amsa kamar yadda ya saba. Zare yana ta juyawa, ba wanda ya iya buɗe baki. Daga ƙasa, kan 'yar tsugunno, Jauro ne ya amsa mana.

"Da godiya, Malam Iro."

Gwangwanin yana wurina, kuma mai laifin yana ciki, ƙafar nan dai ɗaya babu. Ina kewar mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya kai haske kabarinsa. Yadda ya rufa wa bayinka asiri bai bar kowa ya tashi gabansa da kunya ba, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe komai. Ka sa a tarbe shi da sallama, a kuma ba shi wurin amsawa. Amin.